Sauya gwiwa da mutum-mutumi: me ake saye da ƙarin kuɗin?

Duk wanda ya taɓa tura hoton gwiwar mahaifiyarsa zuwa wani babban asibiti a Indiya ko Dubai don ya ji farashin aiki, da wuya a ce bai ci karo da wannan magana ba: akwai aikin sauya gwiwa da likita zai yi da hannu, akwai kuma wanda za a yi da taimakon mutum-mutumi, kuma na biyun ya fi tsada. Dillalin da ke haɗa mutane da asibitin sai ya ɗora da cewa na'ura ba ta kuskure, ba a jin zafi sosai, kwana biyu Hajiya za ta miƙe ta ci gaba da harkokinta. Ɗan da ya daɗe yana kallon uwarsa tana salla a kan kujera ba ya son a ce ya yi mata rowa a kan lafiyarta, saboda haka sai ya ce a yi mai tsadar, ko da za a sayar da fili.

Ina ganin ya kamata a san abin da ake saye da wannan ƙarin kuɗin. Na'urar tana yanka ƙashi daidai da tsarin da aka ba ta fiye da yadda hannu ke iyawa, wannan kam babu ja. Sai dai binciken da aka yi na dogon zango bai nuna cewa wannan daidaiton ya sa gwiwar ta fi daɗin takawa bayan shekara guda, ko ta fi ƙarko bayan shekara goma ba. Yadda aka yi waɗannan maganganu biyu suka zama gaskiya a lokaci ɗaya shi ne abin dubawa, kuma sai an faro daga ciwon kansa.

Gwiwa mahaɗa ce ta ƙasusuwa uku: ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙwauri daga ƙasa, sai ƙoƙon gwiwa a gaba. Inda suke gogar juna, kowanne lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi wanda kaurinsa bai wuce 'yan milimita ba. Guringuntsin nan ba shi da jijiyar jini, shi ya sa idan ya zaizaye ba ya sake tsirowa. Amosanin gaɓɓai shi ne wannan zaizayewar tare da abin da ke biyo bayanta: ƙashin da ke ƙarƙashi ya yi tauri, ya fitar da 'yan tsiro a gefe, fatar cikin mahaɗar ta riƙa kumbura tana tara ruwa. Da yawa suna ɗora laifin a kan sanyi, amma abubuwan da aka tabbatar suna kawo shi su ne shekaru, da ƙiba, da tsohon rauni, da gado, da aikin da ke sa mutum yawan tsuguno da ɗaukar nauyi.

Mai ciwon ya san shi ba sai an faɗa masa ba. Da asuba gwiwa ta sandare, sai an ɗan taka kafin ta saki. Tashi daga tabarma sai an dafa bango ko an kira jika ya kama hannu. Hawa bene da dama-dama, saukowa ce azaba. Da yake ɓangaren ciki na gwiwa ne ya fi ɗaukar nauyi, shi ne yakan riga cinyewa, sai ka ga dattijuwar da a da ƙafarta a miƙe take ta koma mai ƙafar baka, tana tafiya tana rangaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan ciwo a duniya, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa yake, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne.

Mafi yawansu ba su buƙatar wuƙa. Rage ƙiba, da atisayen ƙarfafa naman cinya, da riƙe sanda, da maganin shafawa, suna kai mutum nesa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 ya nuna cewa duk kilo ɗaya da mutum ya rage, nauyin da ke sauka a kan gwiwarsa a kowane taku yana raguwa da kusan kilo huɗu. Abin da ya fi damuna a wannan mataki shi ne haɗin ƙwayoyin da ake saya a kemis, diclofenac da ibuprofen da dexamethasone a ƙulli ɗaya, ana sha wata da watanni. Zafin yana lafawa, amma gyambon ciki da ciwon ƙoda da hawan suga suna biyo baya, har ta kai ranar da aka zo maganar tiyata jikin ba zai iya ɗauka ba. Aikin sauya gwiwa na wanda ciwo ya hana shi barci da tafiya ne bayan an gwada sauran hanyoyin, kuma hoto ya nuna ƙashi na gogar ƙashi. Hoto shi kaɗai bai isa ba, domin akwai masu mummunan hoto da har yanzu suke zuwa gona da ƙafarsu.

Su kuma waɗanda suka kai ga aikin, ba a cire gwiwar gaba ɗaya yadda wasu ke tsoro. Saman ƙashin da ya lalace ake yankewa, kauri kamar milimita 8 zuwa 10, sai a rufe bakin ƙashin cinya da hular ƙarfe, a ɗora farantin ƙarfe a kan ƙashin ƙwauri, a sa roba mai tauri a tsakaninsu, galibi a manne da simintin ƙashi. Wani likita ɗan Kanada, Frank Gunston, ya fara gwada irin wannan a Ingila a 1968, sannan a 1974 John Insall da abokan aikinsa a birnin New York suka fito da samfurin da kusan duk na yau suka gada. Aiki ne da ya yi nasara ƙwarai. Nazarin da mujallar Lancet ta wallafa a 2019, wanda ya tattaro alƙaluma daga kundin rajistar ƙasashe, ya nuna kusan kashi 82 cikin ɗari na cikakkun gwiwoyin da aka sa suna nan suna aiki bayan shekara 25. Kusan dukkansu da hannu aka yi su, kuma wannan ne ma'aunin da duk wata sabuwar na'ura za ta haura kafin a ce ta kawo ci gaba.

To me ya sa aka nemi na'ura? A aikin hannu, likita yana zura dogon sandan ƙarfe cikin ɓargon ƙashin cinya don ya gane miƙaƙƙen layin ƙafar, ya ɗaura wasu ƙarafa masu tsaga a jikin ƙashin, ya bi tsagar da zarto. Hanyar tana aiki, amma ƙashin mutane ba iri ɗaya ba ne, kuma bakin zarto yakan ɗan karkace idan ya haɗu da ƙashi mai tauri. Wani nazari na 2007 da ya haɗa bincike da dama ya tarar kusan ɗaya cikin uku na gwiwoyin da aka yi da hannu sun kauce wa layin da aka nufa da fiye da digiri 3, alhali waɗanda aka yi da jagorancin kwamfuta ba su kai ɗaya cikin goma ba. A gefe guda kuma an daɗe da lura cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya gamsuwa da sabuwar gwiwarsa: ko zafi bai tafi duka ba, ko tana yi masa nauyi, ko yana jin ba tasa ba ce. Sai aka haɗa biyu da biyu aka ce ai kaucewar ce ke jawo rashin gamsuwar, idan aka gyara yanka an gyara komai.

Yunƙurin farko bai ƙare da daɗi ba. A 1992, a birnin Sacramento na jihar Kalifoniya, aka fara yi wa ɗan Adam aikin ƙugu da na'urar ROBODOC, wadda likitan ƙashi William Bargar da likitan dabbobi Howard Paul suka ƙirƙira da taimakon kamfanin IBM. Ita wannan da kanta take sassaƙa ƙashi, likita na tsaye yana kallo da maɓallin tsayarwa a hannu. Jamus ta rungume ta, aka yi wa dubban mutane aiki, musamman a Frankfurt. Daga baya marasa lafiya suka fara kokawa da lalacewar tsoka da ɗingishi, aka shiga kotu, asibitoci suka ajiye ta. A 2006 babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke cewa duk likitan da zai yi amfani da sabuwar hanya wajibi ne ya bayyana wa mara lafiya ƙarara cewa tana iya zuwa da haɗarin da ba a riga an sani ba. Hukuncin nan, a ganina, ya dace a liƙa shi a ƙofar duk ofishin da ake tallar tiyata.

Darasin da injiniyoyi suka ɗauka shi ne a bar zarto a hannun likita, na'ura ta zama mai tsaron iyaka. Brian Davies da Justin Cobb na kwalejin Imperial da ke Landan suka fara da wata mai suna Acrobot. Sai kamfanin Mako na jihar Florida ya fito da tasa, aka fara aikin rabin gwiwa, wato sauya ɓangare ɗaya kaɗai na mahaɗar, da ita a 2006. Kamfanin Stryker ya saye Mako a 2013 a kan kusan dala biliyan 1.65, ya kuma fitar da tsarin cikakkiyar gwiwa kasuwa a 2017. Daga nan ne tallar ta cika duniya.

Ga yadda abin yake a ɗakin tiyata idan da Mako za a yi. Kwanaki kafin aikin an ɗauki hoton CT na ƙafar, kwamfuta ta gina siffar ƙashin mutumin a kan allo, likita ya zaɓi girman ƙarfe da inda zai zauna. Ranar aiki akan yi allurar baya wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Likita ne ke tsaga fata da hannunsa, kuma tsawon tsagar kusan ɗaya ne da na aikin hannu, duk da abin da wasu 'yan talla ke faɗa. Sai ya huda ƙashin cinya da na ƙwauri ya kafa ƙusoshi bibbiyu, ya ɗaura musu wasu 'yan faranta masu ƙyalli waɗanda kyamarar da ke gefe take bi. Ya ɗauki wani tsinke ya riƙa taɓa ƙashin wuri-wuri, sau gommai, har kwamfutar ta haɗa ƙashin gaske da na cikin hoton. Daga nan ko an motsa ƙafar ta san inda take.

Mataki na gaba shi ne wanda likitocin da suka saba da na'urar suka fi yabawa, kuma shi ne wanda ba a cika nunawa a talla ba. Kafin a yanka komai, likita zai miƙe ƙafar ya danna ta ciki da waje, ya lanƙwasa ta ya sake dannawa, allon yana nuna masa da lamba yadda jijiyoyin da ke ɗaure gwiwar suka saki ko suka ɗaure a kowane ɓangare. Idan ciki ya matse da milimita biyu, sai ya ɗan juya ƙarfen a kan allo da digiri ɗaya ya ga ko ya daidaita. A da, da yatsa da ƙwarewa ake jin wannan, bayan an riga an yanka. Sai ya gamsu da tsarin sannan a turo hannun na'urar riƙe da zarto. Likitan ne ke kama shi yana turawa, ƙashin da za a cire yana bayyana kore a allo yana gogewa yayin da ake yanka, kuma da zarar bakin zarton ya doshi wajen iyaka, inda jijiya ko hanyar jini take, sai hannun ya ƙi tafiya, zarton ya tsaya. Sa ƙarfen gwaji, da kwaɓa siminti, da wanke wurin, da ɗinki, duk aikin hannu ne.

Sauran kamfanonin kowa da salonsa. CORI ta kamfanin Smith & Nephew, wadda ta fito a 2020, ba ta buƙatar hoton CT, kuma ƙaramar na'ura ce da likita ke riƙewa tana janye bakinta idan ta wuce iyaka. VELYS ta DePuy Synthes ta sami izini a Amurka a 2021. ROSA ta Zimmer Biomet ba ta yanka da kanta, tana dai ajiye ƙarfen mai tsaga a daidai wurinsa likita ya yanka. Asalin ROSA na da ban sha'awa: an fara ƙera ta ne don tiyatar ƙwaƙwalwa a birnin Montpellier na Faransa, a kamfanin da Bertin Nahum ya kafa, injiniyan da aka haifa a Dakar wanda iyayensa 'yan asalin Benin ne. Zimmer Biomet ya saye kamfanin a 2016, samfurin gwiwa ya sami izini a 2019.

To ina ribar mara lafiya? A makonnin farko akwai alamun sauƙi. Wani bincike da aka yi a Landan aka wallafa a 2018, wanda ya kwatanta mutum 40 da aka yi wa da Mako da 40 da aka yi wa da hannu, ya ga na farkon sun ɗan fi ƙarancin zafi, sun sha magani kaɗan, sun riga barin asibiti. Akwai dalilin da zai sa hakan ta yiwu, tun da ba a zura sanda cikin ɓargo kuma ba a cika taɓa naman da ke kewaye ba. Amma mutum 80 kaɗan ne, ba a raba su ta hanyar ƙuri'a ba, kuma kowa ya san da wace hanya aka yi masa. Wanda aka gaya wa cewa da sabuwar na'ura aka yi masa aiki, ba abin mamaki ba ne ya fi ƙarfin gwiwar tashi. Idan aka kai wata shida zuwa shekara, yawancin binciken da aka yi da ƙuri'a suna nuna bambancin ya dushe ko ya yi ƙanƙantar da mai gwiwar ba zai ji shi ba.

Mafi tsawon bibiya daga Koriya ta Kudu ta zo. Likita Young-Hoo Kim da abokan aikinsa a Seoul sun raba ɗaruruwan marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, suka bi su sama da shekara goma, suka wallafa sakamakon a 2020. Ba su ga bambanci a zafi, ko lanƙwasuwa, ko sassautawar ƙarfe, ko yawan waɗanda aka sake yi wa aiki ba. Masu kare na'ura suna cewa ai tsohuwar ROBODOC aka yi amfani da ita, na yanzu sun bambanta, kuma suna da gaskiya. Sai dai amsar tana da kaifi biyu: tun da cikakkiyar gwiwa da sababbin na'urorin ba ta daɗe da farawa ba, babu mai alƙaluman shekara ashirin a kansu da zai riƙe ya yi alkawarin ƙarko.

Babbar matsalar ma ba a nan take ba, tana cikin tunanin farko da ya ce kaucewar layi ce tushen komai. A 2010 likitocin asibitin Mayo a Amurka suka duba gwiwoyi 398 da suka shekara 15, suka tarar waɗanda aka sa cikin digiri 3 na miƙaƙƙen layi ba su fi waɗanda suka kauce daɗewa ba. Shekara biyu bayan haka, Johan Bellemans a Beljiyam ya auna ƙafafun matasa 250 masu ƙoshin lafiya, ya ga kashi 32 cikin ɗari na mazan da kashi 17 na matan ƙafarsu a ɗan bankare take da digiri 3 ko fiye tun fil azal. Ke nan wanda Allah ya halitta da 'yar ƙafar baka, ya shekara sittin jijiyoyinsa da tafiyarsa sun saba da haka, idan aka miƙe masa ita sak an ba shi ƙafar da bai taɓa takawa da ita ba. Tela zai iya bin alli da almakashi ba tare da ya kauce ko da zare ɗaya ba, amma idan awon ba na mai rigar ba ne, rigar ba za ta zauna ba.

Shi ya sa tun wajen 2006 Stephen Howell a Kalifoniya yake kira da a mayar da gwiwa yadda take kafin ciwon ya cinye ta, maimakon a tilasta wa kowa layi ɗaya. Wasu likitocin sun bi shi, wasu sun tsaya a tsohuwar hanya, wasu sun ɗauki tsaka-tsaki, kuma har gobe ana muhawara a tarukansu. A nan ne nake ganin na'urar ta fi amfani, fiye da abin da ake tallatawa. Wanda zai sa ƙarfe a karkace da digiri biyu da gangan yana buƙatar tabbacin cewa biyun ba za ta zama biyar ba, kuma na'urar tana adana kowane awo, ta yadda nan gaba za a iya gane wane tsari ne ya dace da wace irin ƙafa. Wannan riba ce ta ilimi, kuma za ta amfani masu zuwa. Wanda ke kwance a gado yau bai kamata a sayar masa da ita a matsayin abin da ya riga ya tabbata ba.

Akwai wurare biyu da hujjar ta fi ƙarfi. Na farko aikin rabin gwiwa, inda ɓangare ɗaya kaɗai ya lalace aka sauya shi aka bar sauran. Aiki ne da ake saurin warkewa, gwiwar kuma ta fi kama da ta asali, amma ba ya yafe kuskure, shi ya sa a nazarin Lancet ɗin nan kashi 70 ne suka kai shekara 25. Gwajin ƙuri'a da aka yi a Glasgow ya nuna a 2016 cewa Mako ta fi hannu ajiye ƙarfen a wurinsa, kundin rajistar Ostareliya kuma ya nuna ƙarancin sake aiki a shekaru ukun farko idan aka kwatanta da sauran rabin gwiwoyin da aka yi da hannu gaba ɗaya, duk da cewa ya nuna ɗan ƙarin shigar ƙwayoyin cuta a farko. Na biyu ya fi shafar mutanenmu: wanda ya taɓa karaya a cinya, a haɗarin mota ko babur, aka yi ɗori ƙashin ya haɗe a karkace, ko aka bar masa ƙarfe a cikin ɓargo. Irin wannan ƙafar sandan awo ba zai shiga ba, ko ya shiga ya yi ƙarya. A nan kwamfuta ko na'ura tana warware matsala ta gaske, kuma kuɗinta bai tafi a banza ba.

Na'urar kuma tana da nata haɗarin. Ramukan ƙusoshin nan sukan yi ruwa, kuma jefi-jefi ƙashi yakan karye ta wurin, musamman ga tsohuwar da ƙashinta ya yi laushi. Hoton CT ƙarin tururi ne a jiki da ƙarin kuɗi. Aikin yakan fi daɗewa, balle a hannun wanda bai daɗe da fara amfani da ita ba. Idan aka yi kuskure wajen taɓa ƙashi da tsinken nan, ko faranti ya goce ba a lura ba, na'urar za ta yanka daidai a wurin da ba daidai ba, kuma likitan da ya san aikin hannu ne kaɗai zai duba ya ce a'a, wannan bai yi ba. Takan kuma tsaya cak ana tsakiyar aiki, a koma wa kayan hannu.

Sai maganar kuɗi, wadda ke bayyana zafin tallar. Irin su Mako farashinsu yakan kai dala miliyan ɗaya, ban da kuɗin kulawa na shekara-shekara da kayan da ake yarwa bayan kowane aiki. Kusan kowace na'ura da ƙarfen kamfaninta kaɗai take aiki, don haka asibitin da ya saye ta ya ɗaure kansa da kamfanin, kuma dole ya nemo marasa lafiya da yawa don ya mayar da kuɗinsa. Wani nazari na 2021 ya tarar kusan tara cikin goma na rubuce-rubucen binciken da suka kwatanta na'ura da hannu suna da marubucin da ke da alaƙar kuɗi da kamfani. Ba ina cewa ƙarya suka rubuta ba, amma mai karatu ya san da haka. Hukumar NICE, mai tantance magunguna da na'urori wa asibitocin gwamnatin Ingila, ta amince a 2025 a yi amfani da na'urori shida na aikin ƙashi, amma na tsawon shekara uku bisa sharaɗin a tattara hujja. Hukumar da ta ga an gama tabbatar da abu ba ta sa irin wannan sharaɗi.

Akwai tambayar da kusan kowace Hajiya ke yi idan ta sami sararin magana: “Likita, zan koma yin sujada a ƙasa?” Amsar gaskiya ba ta canjawa ko da wace hanya aka yi aikin. Yawancin gwiwoyin da aka sauya suna lanƙwasuwa zuwa digiri 110 ko 125, wanda ya isa tafiya da hawa bene da zama a kujera, alhali zaman tahiyya da tsuguno a masai suna neman sama da 140. Wasu suna kaiwa, musamman waɗanda tun kafin aikin gwiwarsu ba ta ƙage ba, domin lanƙwasuwar da aka shiga da ita ce ta fi nuna wadda za a fita da ita. Da yawa kuma durƙuso yana ci gaba da yi musu wuya, su ci gaba da salla a kujera, abin da shari'a ta yi rangwame a kansa. Abin da aikin ke bayarwa shi ne barci ba zafi, da zuwa masallaci ko gidan biki da ƙafa, har da ɗawafi ga wanda Allah ya nufa. Ya kamata a faɗa mata haka tun kafin a karɓi kuɗi, kuma a gyara mata banɗaki ya zama na zama kafin ta dawo gida.

Abubuwan da suka fi lalata aikin gwiwa ba ruwansu da wanda ya riƙe zarto. Shigar ƙwayoyin cuta cikin mahaɗar, wadda ke samun kamar mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, ita ce babbar masifa, domin sau da yawa sai an cire ƙarfen, an yi makonni ana shan magani, sannan a sake sa wani. Sugan da ba a daidaita ba, da ruɓaɓɓen haƙori, da gyambo a ƙafa, da shan taba, duk suna ƙara wannan haɗarin, kuma a gida ake gyara su kafin a hau jirgi. Akwai daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wadda doguwar tafiyar jirgi jim kaɗan bayan tiyata ke ƙara wa ƙarfi. Akwai kuma gashin ƙashi, wato atisayen da likitan fisiyo ke sa mutum bayan aiki. Watanni ukun farko su ne ke yanke hukuncin yadda gwiwar za ta lanƙwasu, kuma atisayen yana da zafi. A nan tausayinmu yakan cuce mu: 'ya'ya sun ga Hajiya tana cije leɓe, sai su ce wa likitan fisiyo ya bar ta ta huta, a kawo mata komai har gado, bayan wata biyu gwiwa ta ƙage. Iyalin da suka kashe duk abin da suka tara a kan na'ura, suka dawo babu kuɗin gashi na wata uku, sun saka kuɗin a inda ya fi ƙarancin tasiri.

Shi ya sa kafin a tambayi sunan na'ura, gara a tambayi likitan gwiwa nawa yake sauyawa a shekara, nawa ya yi da wannan na'urar, kuma idan ta tsaya me zai yi. An sha nuna cewa likitoci da asibitocin da ke yawan yin aikin sun fi ƙarancin matsala. A kuma tambaya ko tafiyar ma ta zama dole. Asibitin ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe tun 1959, da takwarorinsa na Igbobi a Legas da na Inugu, da wasu asibitocin koyarwa da masu zaman kansu, suna aikin sauya gwiwa, kuma likitan da ke kusa shi ne zai ga ciwon idan ya fara ja ko ya fara tsattsafo da ruwa a mako na uku.

Wanda kuma ya yanke shawarar fita waje, da na'ura ko ba da ita ba, kada ya baro asibitin sai da rahoton tiyatar a rubuce, da hotunan bayan aiki, da takardar da aka manna lambobin ƙarfen a kanta mai nuna kamfani da samfuri da girma. Robar tsakiyar nan ta kowane kamfani daban take, ba ta shiga ƙarfen wani. Idan bayan shekara goma ta cinye ana son sauya ta a Kano ko Yamai, da waɗannan lambobin ne likita zai yi odar wadda za ta shiga, in babu su kuwa yana iya zama dole a ɓalle ƙarfen duka a sake sabon aiki.